Kebul ko dish: wanne zai ba ni hoto tangaran a sabuwar talabijin?

Baban Ummi, Hotoro:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san kan abin ya yi magana.

Bayan babbar sallah na kwashi adashinmu na makaranta, na shiga Sabon Gari na sayo talabijin mai inci 55, irin shafaffiyar nan da ake mannawa a bango, an rubuta 4K ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta. A shago mai kaya ya kunna mini hoton wasu tsuntsaye, wallahi har gashin fuka-fukinsu kana iya ƙirgawa. Na kawo ta gida, muka sauke tsohuwar mai ƙusumbi inci 21 da ta zo cikin kayan ɗakin uwargida, yaron da ya manna sabuwar ya jona mata dikodarmu ta eriya, wadda duk unguwa muke kira kebul. Ana kunnawa sai hoto ya fito kamar an shafa wa gilashin man kaɗanya. Lambar bayan ɗan wasa ba ta karantuwa, ƙwallon ma in an buga ta sama sai ta ɓace maka. Maman Ummi ta tsaya ta kalla ta ce, "Ai tawa ta fi." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ta faɗa.

Dalilin sayen kuwa gidan kallo ne. Shekarata 44, malamin sakandare ne ni, kuma na gaji da zama benci ɗaya da yaran da zan shiga ajinsu da safe. Ranar wasan zakarun Turai a fara ƙarfe tara na dare, in dawo gida sha ɗaya ta gota, rigata duk warin taba. Akwai daren da na yi tsalle na rungume na kusa da ni, ashe yaron da na kora daga aji ne ranar.

Yanzu ƙanena da ke Amurka ya ce in tsaya a kan kebul, wai shi ruwan sama ba ya ɗauke shi kuma hotonsa ya fi. Maƙwabcina kuma ya ce ba zan ga HD ba, wato hoto tangaran, sai na kafa dish. Wanne ne gaskiya? Ku sani gidan haya nake, mai gidan dattijo ne da ba ya son a huda masa bango, wutarmu kuma 'yar sola ce mai batir ɗaya.

Mai Saitin Dish, Zariya:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sa alheri, ya sa ka more ta. Shekara goma sha ina hawa rufin mutane, kuma irin kukanka duk wata sai na ji shi.

Da farko dai, da kai da ƙanenka ba abu ɗaya kuke nufi ba. Kebul na gaskiya waya ce da kamfani ke jawowa tun daga tasharsa, ta bi kan turaku ko ta ƙarƙashin ƙasa har cikin falonka, kamar wayar wuta. Shi yake da shi a can. Mu nan bakinmu ne ya saba, duk abin da ake biya wa kuɗin wata sai mu ce kebul. Abin da ke gidanka eriya ce, tana kamo sigina daga dogon ƙarfen da kamfani ya kafa a cikin gari. Haka GOtv take aiki, haka ma StarTimes ta eriya. DStv da ɗaya StarTimes ɗin su ne na dish. Saboda haka zaɓinka tsakanin eriya ne da dish, kebul ɗin ƙanenka ba ya cikin lissafi.

Sai maganar man kaɗanya. Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne. Tashar da ba HD ba, wadda muke ce wa SD, ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, dubu ɗari huɗu da 'yan kai ke nan. Cikakken HD 1920 ne da 1080, miliyan biyu da ɗoriya, ninki biyar. Taka mai 4K kuwa 3840 ce da 2160, sama da miliyan takwas. In ka ba ta hoton SD, kowane ɗigo ɗaya sai ta miƙe shi ya rufe gurbin ashirin. Kunun mutum ɗaya ka dama, ka tara mutum ashirin, dole ya tsinke. Tsohuwar Maman Ummi ƙarama ce, kuma don irin wannan hoton aka ƙera ta, shi ya sa ta rufa masa asiri. Tsuntsayen shago kuma daga filashi aka kunna maka su, ba tasha ba ce.

Kafin ka kashe ko sisi, leƙa bayan talabijin ɗin. In ka ga waya mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, to a nan aka fara cutar ka. Wannan wayar ba ta ɗaukar HD ko da dikodar zinare ce. Duba ko dikodarka tana da ramin HDMI. In akwai, sayi wayar, mai araha ma ta isa, kada wani ya ce maka sai mai bakin gwal. Ka shiga saitin dikoda ka kai ta 1080.

Amma kada in yaudare ka. HD sai abu uku sun haɗu: tashar kanta a HD ake watso ta, dikoda mai HD ce, waya HDMI ce. Ɗaya ya faɗi, sauran sun tashi a banza. Ita eriya hanyarta ƙunci gare ta, tashar HD guda tana cin gurbin SD uku ko huɗu, kamfani kuma ya fi son ya ce maka yana da tashoshi da yawa, don haka akasarin abin da ke zuwa ta eriya SD ne. Tauraron ɗan adam da dish ke kamowa yana da fili. In ƙwallo a HD ce ta sa ka sayi inci 55, maƙwabcinka ya fi ƙanenka gaskiya.

Ruwan sama gaskiya ne yana ɗauke dish. Tauraron yana can sama kilomita kusan 36,000, siginar da ke isowa raunanniya ce, kuma zangon da ake aiko ta, wanda ake kira Ku, ɗigon ruwa yana shanye shi. Wani lokaci ko yayyafi ba a fara a unguwarku ba hoto zai fara daddatsewa, don hadarin ya tsaya a gabas tsakaninka da tauraron. Gasar Ingila kuma a watan Agusta take farawa, tsakiyar damina. Sai dai rabin abin da ake ɗora wa ruwa laifinmu ne masu haɗawa. A sa wa mutum ƙaramin faranti na santimita 60, a samu sigina ta ɗan leƙo, a ɗaure a karɓi kuɗi a tafi. Ranar da gari yake garau lafiya lau, hadari na haɗuwa shi ke nan. Ka nemi na santimita 90. Ka tsaya a kan mai saitin, kada ka kalli layin ƙarfin sigina, layin inganci za ka kalla, shi ne mai magana, kuma kada ya sauko sai ya murza LNB ɗin, wato ƙoƙon nan da ke bakin sanda, ya kai shi iya inda zai kai. Waya a sa RG6 mai kyau, a naɗe mahaɗarta kada ruwa ya shiga. In an yi haka, sai ruwa mai ƙarfi sosai zai ɗauke maka, kuma yawanci mintoci ne ya dawo. Ƙurar hunturu ba ruwanta da sigina, iska ce dai take gusar da farantin da ba a ɗaure da kyau ba.

Abu Yasir, New York:

Malam Baban Ummi, ka yi wa ƙanenka uzuri, abin da ya gani ya faɗa. Ni ma da na zo ƙasar nan na ɗauki lokaci kafin in gane kebul ɗinsu daban ne da namu.

A nan wayar tana cikin bangon gida tun kafin ka tare. Kamfanoni irin su Comcast da Spectrum su ne na waya, DirecTV da Dish su ne na tauraro. Asalin abin ma daga ƙauyukan da ke tsakanin duwatsu ya faro, wajen 1948, a irin jihar Pennsylvania: dutse ya tare sigina, sai a kafa eriya ɗaya a kan tsauni a jawo waya zuwa gidaje. Abin da ya sa yawancinmu a birni muke kan waya ba kyan hoto ba ne. Wayar da ke kawo tashoshi ita ce ke kawo intanet, takardar kuɗi ɗaya. Ga shi dish a nan kudu yake kallo, in tagarka arewa take kallo ko dogon bene ya tare ka, magana ta ƙare. Akwai doka da ta ba ɗan haya damar kafa dish da bai wuce mita ɗaya ba a wurin da yake nasa shi kaɗai, kamar baranda, amma rufin bene ba naka ba ne. Sannan ga ƙanƙara, ta taru a faranti sai ka fita da tsintsiya cikin sanyin da ba na faɗa.

Batun hoto kuwa, kada a ruɗe ka. Na yi amfani da duka biyun. Kowanne matse hoton yake yi don tashoshi su samu wuri, kuma na sha ganin wasa a dish ya fi na waya fitowa. Abin da ya fi su duka kyau a gidana wata 'yar eriya ce ta dala ashirin da nake kama tashoshin gari da ita kyauta, don tun 2009 suka koma dijital kuma manyansu a HD suke watsawa. Ka ga ke nan ba eriya ce ke da laifi ba, abin da aka zuba mata ne.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai, don ya ci ni: farashin shiga. Shekarar farko aka ba ni rangwame, na sa hannu ban karanta ƙananan rubutun ba, wata na goma sha uku kuɗi ya yi tsalle, ga hayar dikoda, ga wani kuɗin wasanni. Ku a gida kun huta da wannan, dikodar taku ce, watan da babu kuɗi ku ƙi biya, ba mai kai ku ƙara.

Maman Haidar, Kaduna:

Duk maza ne suka amsa, kuma duk ƙwallo suke lissafi. Malam, bari in yi magana a madadin Maman Ummi tunda ba ta nan.

Ƙwallo awa biyu ce, sau biyu ko uku a mako. Sauran kwanakin wa yake zaune da talabijin ɗin? Ita da yara. Ka tambaye ta me take kallo. In Arewa24 ce da tashoshin finafinan Hausa da wa'azi da katun na yara, ka tabbata suna cikin tsarin da za ka biya, kuma kada ka yi mata alkawarin za su koma kamar tsuntsayen shago. Fim ɗin da aka ɗauka shekara goma sha biyar da suka wuce, ko a kan me ka kunna shi haka zai fito.

Na biyu, kuɗin wata. Kafa dish sau ɗaya ne, biya kuwa kowane wata ne, kuma tashoshin da ke nuna manyan wasanni ba a ƙaramin tsari suke ba. Maigidana ya kafa da zafinsa, wata uku muna kan babban tsari, na huɗu aka sauko, na shida aka ce "bari a ga albashi". Farantin yana nan a katanga, tattabaru sun gode. Ka ɗauki kuɗin tsarin da kake so ka ninka sau goma, watannin gasa ke nan daga Agusta zuwa Mayu, ka ajiye shi kusa da kuɗin makarantar Ummi, ka ga ko zuciyarka ta kwanta. Yuni da Yuli ka sauko ƙaramin tsari, ba wanda zai mutu.

Na uku, ka sa lambar sirri a dikodar tun ranar farko. Tashoshin sun yi yawa, yara kuma sun fi mu iya rimot.

Ga solarku ma. Mai inci 55 tana jan wuta wajen wat ɗari, ga dikoda, ga fanka. Batir ɗaya, wasan ƙarfe tara na dare. Kada a zo minti na tamanin inbata ta fara kuka, a kashe wa yara fanka saboda Arsenal.

Ɗan Maraɗi:

Sannunku 'yan'uwa. Mu nan wajenmu tambayar ba ta ma tasowa, dish ne kowa. Wanda ke da hali ya sa Canal+, sharhin ƙwallo da Faransanci, wanda bai ji ba ya kashe murya ya kalli ƙafafu. Kuma tun 2025 Canal+ ɗin ta saye MultiChoice mai DStv da GOtv, kun ga mun zama 'yan gida ɗaya.

Abin da ban ji an faɗa ba shi ne na kyauta. Risiba irin Strong mai HD, da faranti babba da ya kalli tauraron Nilesat ko Arabsat, ba ka biyan ko dala a wata. Tsohona ba abin da yake kallo sai tashar Ƙur'ani da ke nuna Harami kai tsaye daga Makka da ta Sunna daga Madina. In azumi ya zo, tarawihi a babbar talabijin, malam, sai ka ga abin da ka saya. Ga tashoshin labarai, ga na Hausa da ake samu kyauta a kan taurari daban-daban. Mai saiti zai iya haɗa ma faranti biyu a risiba guda da 'yar na'urar sauyawa. Ƙwallon Ingila dai ba ta nan, in wani ya ce zai buɗe ma ita da wata dabara, kuɗinka zai ci, sati biyu ta rufe.

Sadik_Tech:

Yallaɓai ni fa ban ga abin wahala ba. Talabijin ɗinka mai intanet ce, ka jona ta da waya ka kalli komai, ba faranti ba hawa rufi. Zamani ya wuce nan.

Mai Saitin Dish, Zariya:

Sadik, yi masa lissafin data tukuna. HD yana cin kusan gig uku a awa, wasa ɗaya gig biyar zuwa shida ke nan, wasa takwas a wata ka haura arba'in, kuma sai layin ya riƙe gudun megabit biyar bai yi tangal-tangal ba, da daddare, lokacin da duk unguwa ke kan waya. Sannan hoton intanet a baya yake zuwa. Gidan kallon bayan layi za su fashe da ihu, kai kuma a falonka ɗan wasa bai ma ajiye ƙwallon a kwana ba. Don fim da wa'azin YouTube, na yarda da kai.

Malam, na manta da batun mai gida. Ba dole sai an huda bango ba. Bututun ƙarfe mai kauri, a dasa shi a tsohuwar taya ko rabin duro, a cika da kankare, a ajiye a tsakar gida. Ranar tashi ka ɗora a kura ka tafi da abinka. In akwai ƙarfen tankin ruwa, ana ɗaurewa a jikinsa, in dai ba ya rawa. Tauraron DStv a wajenmu yana digiri 36 ta gabas, wato in ka fuskanci alƙibla sai ka karkata dama, ka ɗaga kai sama sosai. Ka tsaya a inda kake so a kafa ka duba, kada bene ko reshen darbejiya ya shiga tsakani. Kuma ko eriya ko dish, in ana tsawa ka zare wayar daga bayan dikoda, ba soket kaɗai ba. Na ga talabijin da yawa da tsawa ta shigo musu ta nan ta ƙone ramin HDMI.

Shawara ta ƙarshe, tunda maƙwabcinka yana da dish: ranar Asabar ka roƙe shi aron falonsa, ku ɗauki talabijin ɗinka ku jona a dikodarsa. Abin da idonka ya gani shi za ka saya.

Baban Ummi, Hotoro:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Injiniya, kamar kana ɗakin. Na leƙa baya, ga ja ga fari ga ruwan ɗorawa, wayar tsohuwar talabijin ce yaron ya mayar. Dikodar tana da ramin HDMI, na sayo waya na sa. Rubutun jerin tashoshi ya fito fes, kala ta gyaru, man kaɗanyar ya ragu, amma 'yan wasa har yanzu in kyamara ta yi nisa kamar tururuwa a cikin hazo.

Jiya Asabar muka yi abin da ka ce. Ni da ɗan maƙwabcin muka sauke ta daga bango muka tsallaka da ita, mutanen layi suna tambaya ko sayarwa zan yi. Aka jona, aka sa SuperSport. Malam, ciyawar filin ɗaiɗai take. Na ga gumi a goshin alƙalin wasa. Maƙwabcin nawa da ya zo yi mini gori shi ne ya ƙare yana tambayar nawa na saye ta, don tasa inci 32 ce.

Maman Haidar, na karanta wa uwargida saƙonki, ta ce a gaishe ki, ta ce ke kaɗai ce mai hankali a cikinmu. Na yi lissafin wata goma, babban tsari ya fi ƙarfina, na tsakiya zan iya in na bar gidan kallo da shayin da ake sha bayan an tashi. Mun yi da ita tsohuwar talabijin da dikodar eriya za su koma ɗakinta, ta ce dama ba ta yafe ba. Batir kuma sai an ƙara, wannan sai adashi na gaba, kafin nan wasan dare fanka ɗaya za a kunna.

Mai gida ya yarda da dabarar taya, da sharaɗin kada a sa ta inda yake ɗaure ragonsa. Matsalar ita ce nan ne kaɗai na tsaya na ga gabas a buɗe. Ɗaya kusurwar akwai darbejiyar gidan baya, reshe ɗaya ne ya leƙo, ba mai kauri ba. Injiniya, reshe ɗaya zai hana, ko in je in fara lallashin masu darbejiyar?